Ƙwallon da ya yi nauyi

1. Gasar bayan kaka

Kornaka gari ne na manoma da makiyaya da 'yan kasuwa. Yana cikin gundumar Dakoro, a jahar Maraɗi. Idan an gama yankan hatsi, an ɗaure damma, an cika rumbuna, sai aikin gona ya yi sauƙi. Hunturu ya fara busawa. Lokacin nan ne yara suke samun sararin wasa.

Wata shekara malamai suka shirya wa yaran unguwanni da na ƙauyukan kewaye gasar ƙwallo. Ba a babban fili ake yin ta ba. An share wani wuri mai tsawon taki 40 da faɗin taki 20. An cire ƙaya da ƙarangiya. An kafa itace biyu a kowane gefe, an ɗaura igiya a sama. Kowace ƙungiya tana zuba yara biyar: huɗu a fili, ɗaya mai tsaron gida.

Irin wannan wasa na mutum biyar biyar ya daɗe a duniya. An fara shi a ƙasar Urugwai a shekarar 1930. A manyan birane cikin wani babban zaure ake yin shi. A Kornaka babu irin wannan zaure, amma akwai rairayi mai laushi da yara masu ƙafa.

Malamai suka kafa doka guda mai ƙarfi: wanda ya wuce shekara 13 ba ya shiga. Kowane yaro sai ya nuna takardar haihuwarsa kafin a rubuta sunansa. Ƙungiyar da ta cinye gasa za a ba ta sabon ƙwallon fata.

2. Dabarar Sani

Sani shi ne shugaban yaran unguwarsu. Shekararsa 13. Ƙungiyarsa ta yi wasa huɗu, ta ci uku, ta yi kunnen doki sau ɗaya. Saura wasan ƙarshe, wanda za a yi a wani ƙauye da ke arewa da Kornaka.

Ana saura kwana uku, sai Mamman, wanda ya fi kowa zuba ƙwallo, ya taka ƙayar aduwa. Ƙafa ta kumbura. Ko takalmi ba ya iya sawa.

Akwai wani yaro a ƙungiyar, sunansa Ila. Shekararsa 11, ɗan siriri ne. Tun da aka fara gasa bai taɓa fashin zuwa fili ba. Shi ke ɗauko ruwan sha, shi ke ɗinke tsohon ƙwallonsu idan ya yage. Amma bai taɓa shiga wasa ba. Da ya ji Mamman ba zai yi ba, sai ya wanke rigarsa, ya shanya, yana jiran ranar.

Sani kuwa wata shawara ce a ransa. Taubashinsa Haruna ya zo daga Maraɗi ganin gida. Shekarar Haruna 16, amma gajere ne. Yana da ƙane, Isa, mai shekara 12, wanda aka kai karatun allo wani gari. Takardar haihuwar Isa tana nan a gida cikin akwati, kuma ba hoto a jikinta.

Sani ya ce: "Taubashi, ranar wasa kai ne Isa."

Haruna ya yi dariya, ya ce: "Bawana, idan aka gane fa?"

Sani ya ce: "Wa ya san ka a can? Malam ma zai tafi taro Dakoro."

Ranar wasa ta zo. Alƙalin wasa ya duba takardu, ya kira suna. Da ya ce "Isa", Haruna ya amsa. Ila ya dubi Sani, bai ce komi ba. Ya koma gindin bedi ya zauna kusa da tulun ruwa.

Haruna ya zuba ƙwallo uku. Duk wanda ya yi karo da shi sai ya faɗi. Kusa da tashi ya yi wani bugu mai ƙarfi. Ɗan mai tsaron gidan ƙauyen ya tare da hannu, hannun ya gurɗe. Aka tashi uku da ɗaya.

Da za a rabu, yaron nan ya zo, hannunsa na dama a ɗaure da tsumma. Ya miƙa wa Sani na hagu, ya ce: "Ka yi haƙuri da hagu. Kun fi mu. Allah ya kai ku gida lafiya."

3. Maganar Kaka

Aka shigo Kornaka da sabon ƙwallo ana ihu. Sani ya kai shi ɗaki ya ajiye. Da dare barci ya ƙi zuwa. Da ya rufe ido sai ya ga hannun hagun nan.

Washegari da la'asar yara suka taru a fili. Ila bai zo ba. Rana ta biyu ma bai zo ba. Sani ya je gidansu, ya iske shi yana ba akuya harawa.

Ya ce: "Ila, me ya hana ka zuwa? Ga sabon ƙwallo."

Ila ya ce: "Yaya Sani, in an sake yin gasa, wani Haruna za ka samo. To zuwan me zan yi?"

Sani ya rasa abin cewa. Ya bi ta gidan kakarsa. Ya iske ta tana kaɗi a tsakar gida.

Ta ce: "A'a, angona ne? Na ji an ce kun ciwo kaya. Amma wane Isa ne ya zuba ƙwallo uku? Isan da na sani yana can yana wanke allo. Haruna kuwa ni na yanke masa cibi, damana uku kafin a haife ka. Takarda ta iya yin ƙarya in an sa ta, amma ungozoma ba ta mantuwa."

Sani ya sunkuyar da kai.

Kaka ta ce: "Kayan aro ba ya rufe katara. Tashi ka ba ni wuri, ni ba na auren mai rinto."

Da safe Sani ya ɗauki ƙwallon ya nufi makaranta. Ƙwallo ba shi da wani nauyi, amma ran nan ji ya yi kamar damen gero ya ɗauko. Ya ajiye shi a gaban Malam, ya faɗi duk abin da ya faru.

Malam bai ɗauki bulala ba. Ya ce: "Ka yi laifi babba, ka kuma yi abu mai wuya. Zauna. Yau duk ajin zai ji wani labari, na manya ne ba na yara ba."

4. Daga Aljeriya zuwa Indiya

Ga labarin da Malam ya bayar.

Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, wadda ake kira CAF, tana shirya gasa ta samarin da ba su wuce shekara 17 ba. A watan Maris na 2009 aka yi wannan gasa a ƙasar Aljeriya. Ƙasashe takwas suka taru, har da Nijar. Samarin Nijar suka yi wasa mai kyau, suka samu shiga cikin huɗun ƙarshe. Duk ƙasar da ta kai nan ta samu wuri a gasar duniya, wadda za a yi a Najeriya a wannan shekara.

Ana cikin murna sai aka gano ɗaya daga cikin 'yan wasan ya wuce shekarun da aka ƙayyade. CAF ta fitar da Nijar daga gasar. Aka ba ƙasar Malawi wurinta. Malawi ce ta tafi gasar duniya. Saboda takardar mutum ɗaya, sauran samarin duka suka yi asarar guminsu, sunan ƙasa kuma ya ɓaci.

Amma labarin bai ƙare nan ba. A 2015 Nijar ta karɓi baƙuncin wannan gasa a Yamai, ƙasar Mali ta cinye. A watan Agusta na 2016 aka haɗa Nijar da Najeriya wajen neman shiga gasa ta gaba. Najeriya ba kanwar lasa ba ce: sau biyar ta ɗauki kofin duniya na samari, har da na 2013 da na 2015. Kafin wasa aka yi wa samarinta gwajin shekaru, 26 suka kasa, aka sallame su. Najeriya ta ci ɗaya da nema a Abuja. Nijar ta ci uku da ɗaya a Yamai, ta wuce.

A 2017, a ƙasar Gabon, samarin Mena suka sake shiga huɗun ƙarshe. Wannan karo ba wanda ya karɓe musu wuri. A watan Oktoba na 2017 suka tafi gasar duniya a Indiya. Shi ne zuwan Nijar na farko. Suka ci Koriya ta Arewa ɗaya da nema a birnin Koci. Suka wuce zagaye na biyu, inda Gana ta fitar da su da ci biyu da nema. Ba su kawo kofi ba, amma sun dawo da kansu a sama.

Malam ya ce: "Shekara takwas tsakanin 2009 da 2017. Hanyar maguɗi ta yi kamar ta fi kusa, amma ita ce ta ɓata lokaci."

5. Ƙashi ba ya ƙarya

Wata yarinya ta ɗaga hannu, ta ce: "Malam, yaya ake gwada shekarun mutum?"

Malam ya ce kowa ya kama wuyan hannunsa. Ya yi musu bayani. A ƙarshen ƙashin hannun yaro akwai wani wuri mai taushi kamar guringuntsi. Ta nan ƙashi yake ƙara tsawo. Idan mutum ya gama girma, sai wurin ya haɗe ya zama ƙashi sosai. Likitoci suna da na'ura mai ɗaukar hoton cikin jiki, ana kiranta IRM ko MRI. Idan hoto ya nuna wurin ya haɗe sarai, to da wuya a ce mai hannun bai kai shekara 17 ba. Hukumar ƙwallo ta duniya, FIFA, ta fara aiki da wannan gwaji a gasar samari ta 2009 a Najeriya.

Na'urar ba ta faɗin ranar haihuwa. Wani yaro yana saurin girma, wani yana jinkiri. Saboda haka babu abin da ya fi takardar haihuwa ta gaskiya. Yara da yawa a ƙauyuka ba su da ita, don ba a rubuta su ba lokacin da aka haife su. Wannan ba laifinsu ba ne. Iyaye suna iya zuwa ma'aikatar magajin gari, a nuna musu yadda za su samu takarda daga wurin alƙali. Rashin takarda matsala ce da ake gyarawa. Ɗaukar takardar wani kuwa zamba ce.

Me ya sa ake raba yara bisa shekaru? Don ƙashin ɗan shekara 16 ya fi na ɗan shekara 11 ƙarfi. In an gama su wuri ɗaya, ƙaramin zai ji ciwo. Ko a fagen kokowar ƙauye ba a gama yaro da ƙato. Sa'a da sa'a ake kamawa.

6. Wa aka cuta?

Malam ya rubuta tambaya a allo: "Idan an yi maguɗi, wa aka cuta?" Yara suka yi ta ba da amsa, yana rubutawa.

An cuci abokan karawa, don an ƙwace musu abin da suka yi wahala a kansa.

An cuci na gida, irin su Ila, don an ba wani wurinsu. Yaron da aka hana shi wasa yau, gobe ba zai iya ba.

An cuci 'yan kallo, don abin da suka gani ba gaskiya ba ne.

Mai maguɗin ma ya cuci kansa, don bai san iyakar ƙarfinsa ba, kuma kullum yana tsoron ranar tonon asiri.

Ba ƙaryar shekaru kaɗai ce maguɗi ba. Wanda ya faɗi da gangan ba a taɓa shi ba, ya yi maguɗi. Haka wanda ya taɓa ƙwallo da hannu ya yi shiru, da mai jan riga ta baya, da mai matsar da itacen gida in ba a kallo, da mai jinkiri don lokaci ya ƙare.

Dokokin wasa suna hukunta irin waɗannan. Tun gasar duniya ta 1970 alƙali yake riƙe da kati biyu: mai ruwan ɗorawa na gargaɗi, ja kuwa na kora. A wasan mutum biyar biyar ana ƙirga laifin ƙungiya. Daga laifi na shida cikin rabin wasa, ana ba abokan karawa bugu kai tsaye, ba mai tare musu sai mai tsaron gida. A gasar duniya ta 2018 a Rasha, Senegal da Japan suka yi daidai a maki da yawan ƙwallaye. Sai aka ƙirga katin gargaɗi: Senegal 6, Japan 4. Japan ta wuce, Senegal ta koma gida.

Amma alƙali ido biyu gare shi, ba ya ganin komi. A 2012, a ƙasar Italiya, wani ɗan wasa Bajamushe mai suna Miroslav Klose ya sa ƙwallo a raga da hannu. Alƙali ya ba da ci. Klose ya gaya masa gaskiya, aka soke cin. Ƙungiyarsa ta sha kashi uku da nema a ran nan. Har yau ana tuna shi da wannan gaskiya.

A Nijar ma akwai abin koyi. Tun 1975, lokacin da aka fara kokowar ƙasa a Tawa, wadda Kantu na Maraɗi ya cinye, mutum ɗaya ne yake ɗaukar takobi. Sauran duka sai sun faɗi. Ɗan kokowa na kirki in an kayar da shi yana tashi, ya kaɗe ƙasa, ya gaisa da wanda ya kayar da shi. Faɗuwa ba abin kunya ba ce.

7. An sake wasa

Ranar da ba makaranta, Sani da Haruna da Malam suka kama hanyar ƙauyen nan. Sani ne ya riƙe ƙwallon. A gaban yara da iyayensu ya faɗi abin da ya yi. Haruna ya roƙi ɗan mai tsaron gida gafara. Wasu suka yi fushi. Wani dattijo ya tsawata musu, ya ce: "Wanda ya kawo kansa ba a bi shi da sanda."

Malamai suka yanke hukunci. An soke wasan farko. Sani ba zai buga na biyu ba, kuma ya sauka daga shugabanci har shekara ta kewayo. Za a jira hannun yaron nan ya warke.

Bayan sati uku aka sake karawa. Ila ya shiga da rigarsa wankakkiya. Sani ya zauna gindin bedi kusa da tulun ruwa. Yaran ƙauye suka ci biyu. Kusa da tashi Ila ya kutsa tsakanin mutum biyu, ya zuba ɗaya. Aka tashi biyu da ɗaya. Sabon ƙwallo ya zauna a ƙauye.

A hanyar komawa Sani ne ya ɗauko tulu. Ila yana gaba, yana ta ba da labarin yadda ya zuba ƙwallonsa. Washegari da la'asar shi ya riga kowa zuwa fili, da allura da zare, yana ɗinkin tsohon ƙwallo.

Ma'anar kalmomi

Maguɗi: yin zamba don a ci nasara ba bisa doka ba.
Rinto: ƙari ko ragi na zamba wajen ƙirga a cikin wasa.
Kunnen doki: tashi wasa daidai, ba wanda ya ci wani.
Taubashi: ɗan kawu ko ɗan gwaggo, wanda ake wasa da shi.
Gurɗewa: murɗewar gaɓa ba tare da karaya ba.
Guringuntsi: abu mai taushi kamar ƙashi, irin na kunne.
Mena: sunan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Nijar.

Tambayoyi

1. Wace doka malamai suka kafa kafin a fara gasa?
2. Me ya sa Sani ya sa Haruna a madadin Ila?
3. Abubuwa uku suka hana Sani jin daɗin nasara. Ku faɗe su.
4. Me ya samu samarin Nijar a Aljeriya a 2009? Wace ƙasa ta maye wurinsu?
5. Wane wuri na jiki likitoci suke dubawa wajen gwajin shekaru? Don me?
6. Mene ne bambanci tsakanin rashin takardar haihuwa da ɗaukar takardar wani?
7. A ganinku, hukuncin da aka yi wa Sani ya yi daidai? Ku kawo dalili.

Karin magana

Ku faɗi ma'anar kowace, ku nuna inda ta dace da labarin:
Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.
Ramin ƙarya ƙurarre ne.
Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Lissafi

1. An haifi yaro a 2011. Shekara nawa gare shi a 2023? Yana iya shiga gasar da aka hana wa wanda ya wuce shekara 13?
2. Fili yana da tsawon taki 40 da faɗin taki 20. Taki nawa ne kewayensa?
3. Najeriya ta ci 1 da 0 a Abuja, Nijar ta ci 3 da 1 a Yamai. Ƙwallo nawa kowace ƙasa ta zuba a wasannin biyu?

Aiki

1. Kowa ya tambayi iyayensa ko yana da takardar haihuwa. Ya rubuta ranar da watan da shekarar da aka haife shi cikin littafinsa.
2. Ku tambayi wani dattijo dokokin langa ko na dara ko na kokowa. Yaya ake yi da mai rinto a zamaninsu?
3. Ku kasu kashi huɗu. Kowane kashi ya rubuta doka biyar ta wasan gaskiya. Ku zaɓi waɗanda suka fi kyau, ku rubuta su da manyan baƙaƙe, ku manna a bangon aji.